Magana a kan Masu Hawan Tsauni da Haƙƙin Wanda Suka Tarar a Hanya

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman dacewa. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya ɗaukaka abin da Ya so daga ƙasa, Ya ƙasƙantar da abin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Amma bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya buɗa basirarmu da taka, a cikin wannan zamani akwai wata jama'a da ta ɗauki hawan manyan duwatsu abin nema. Suna tara dukiya shekara da shekaru dominsa, su bar mata da 'ya'ya, su tafi ƙasashe masu nisa, su shiga sanyin da ke cinye yatsu. Ba zinariya suke haƙa a can ba, ba kiwo ya kai su ba, ba kuwa abokan gaba suka kore su ba. Muradinsu su tsaya a ƙololuwa ɗan lokaci kaɗan su sauko. In ka tambaye su, sai su ce a can zuciyarsu take wartsakewa, a can suke gane amfanin rayuwarsu. Labarinsu ya iso mana ta rediyo da wayoyin hannu, sai mutanenmu suka rabu biyu a kansu. Dattawan kasuwa suna cewa wannan haukar wanda ya ƙoshi ce, samari kuwa suna ganin jarunta ce wadda babu irinta. Ni kam ina ganin duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin ba a yanke wa aiki hukunci sai an san surarsa, an san niyyar mai yinsa, an kuma san wanda nauyinsa ya hau wuyansa.

To, bari mu fara da surar abin. Dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a bayan ƙasa yana cikin jerin duwatsun Himalaya, a kan iyakar Nefal da yankin Tibet na ƙasar Sin. Mutanen Tibet suna kiransa Comolungma, a Nefal ana ce masa Sagarmata, Turawa kuwa suka raɗa masa Eberest a shekarar 1865, sunan wani Baturen Ingila da ya shugabanci aikin awon ƙasa a Indiya. A shekarar 2020 Nefal da Sin suka haɗu suka bayyana tsawonsa mita 8,848.86 daga fuskar teku. Domin ka gane girman wannan adadi, dutsen da ya fi tsawo a Nijeriya, wato Cappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ka ɗora irinsa uku a kan juna, ka ƙara rabi, har yanzu da saura.

Sa'an nan ka sani, iskar da muke shaƙa Allah Ya yi ta mai kauri ne a nan ƙasa, tana raguwa gwargwadon yadda mutum ya yi sama. A ƙololuwar wancan dutse, numfashi ɗaya ba ya ba jiki sai kusan sulusin abin da yake ba shi a bakin teku. Saboda haka masu wannan sana'a suke kiran duk abin da ya haura mita 8,000 yankin mutuwa. A can jiki ba ya warkewa, abinci ba ya narkewa yadda ya kamata, barci ba ya zuwa. Wani ruwa ya taru masa a huhu, wani ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, hankali ya gushe, har ka ga mutum yana tuɓe safar hannu a cikin sanyin da ke daskarar da jini, yana jin wai zafi ya dame shi. Don haka ba a hawa kai tsaye. Sai an yi makonni ana hawa wani zango ana komowa, har jiki ya saba, sa'an nan a ɗauki tulunan iska a baya a nufi ƙololuwa cikin dare.

Waɗanda aka tabbatar sun fara isa su biyu ne, Edman Hilari na Niyu Zilan da Tenzin Norge daga ƙabilar Sherfa, ranar 29 ga Mayu 1953, kuma ba su wuce kusan minti goma sha biyar a can ba. Tun daga sa'an nan dubbai sun isa, fiye da mutum 300 kuma sun mutu a jikin dutsen. Da yawa daga gawarwakin suna nan inda suka faɗi, domin sauko da su aiki ne mai hatsari, sanyi kuma ba ya barin su ruɓe. Wani Baturen Ingila mai suna Malori ya ɓace a can a 1924, ba a ga gawarsa ba sai a 1999.

Fasali

Wanda ya ce babu komai a cikin dutse sai wahala, bai lura da Littafinsa ba. Suratul Gashiya ta kira mu mu dubi yadda aka kafa duwatsu, kamar yadda ta kira mu mu dubi raƙumi da sama da ƙasa. A kan Judiyyu jirgin Annabi Nuhu ya tsaya. A gefen Ɗuri Sinina aka yi zance da Annabi Musa. Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar Makka da hayaniyarta ya hau zuwa kogon Hira da guzurinsa, ya kwana darare yana bauta, kuma a can wahayi ya fara sauka. A kogon Sauru ya ɓuya dare uku shi da Sayyidina Abubakar a kan hanyar hijira. Duk da haka, ina tunatar da alhazanmu cewa hawa zuwa Hira ba ya cikin ayyukan hajji ko umara, kuma tsohuwar da ta galabaitar da kanta a can har ta kasa jifa ko ɗawafi ta sayar da abin da aka wajabta mata domin abin da ba a nema daga gare ta ba.

Matafiyan Musulmi na da ma sun san wannan sha'awa. Ibnu Baɗuɗa ya ba da labari a littafin tafiyarsa cewa ya hau dutsen Sarandib, tsibirin da ake kira Siri Lanka yanzu, wajen shekarar 1344, domin ya ga sawun da ake jinginawa ga Annabi Adamu. Ya ce mutanen da sun sassaƙa matakala a jikin dutsen, sun kafa sarƙoƙi goma na ƙarfe da mai hawa ke riƙewa, ta goman kuwa ana kiranta sarƙar shahada, domin duk wanda ya kai gare ta ya dubi ƙasa, tsoro kan kama shi ya shiga kalmar shahada. Ka dubi wannan da kyau. Wa'azin da malami zai yi shekara yana yi bai shiga ba, kallo ɗaya daga kan sarƙa ya shigar da shi.

Saboda haka in mai hawa ya ce ya sami wani abu a can, ban ƙaryata shi ba. Mutumin da ya saba a gari ana tashi in ya shigo, ana durƙusa masa, ya je inda dutse bai san sunansa ba, iska ba ta tambayar asalinsa, lalle zai san ƙanƙantarsa sani na ɗanɗano. Kuma duk abin da zai yi amfani da shi a bayansa zai ɗauka, sai ya koyi bambanta bukata da kwaɗayi, domin kowane abu da ya ƙara a jaka gwiwarsa ce za ta biya. Falken da ya taɓa laftar jaki ya san wannan hisabi. Ga kuma haƙuri, domin kusa da ƙololuwa mutum yakan yi taku ɗaya ya tsaya ya yi numfashi da yawa kafin ya iya ɗaga ɗayar ƙafar. Almajirin da ke wanke allo yana sake rubutu, aya bayan aya har ya sauke, ya fi kowa cancantar ya gane wannan hali.

Amma dutse aya ce, ita kuwa aya nuni take yi zuwa ga wanda ya kafa ta. Wanda ya tsaya ga dutsen ya manta Mai dutsen, ya yi kama da ɗan Annabi Nuhu da ya zaci tsauni zai tsare shi daga ruwa. Suratul Isra'i ta hana ɗan Adam tafiya da taƙama, ta tunatar da shi cewa tsawonsa ba zai kai na duwatsu ba, kuma wanda ya tsaya a ƙololuwa bai fita daga wannan ba, domin dutsen ne ya ɗauke shi. A nan cutar take shiga. A shekarar 2019 an ɗauki hoton mutane sun yi layi a kan siririyar hanyar da ke dab da ƙololuwar Eberest, kowa na riƙe da igiya ɗaya yana jiran na gabansa, iskar tulunsu tana ƙarewa, kamar masu jiran awo a bakin rumfa. Mutum 11 suka mutu a dutsen a wannan kaka. Wanda ya fita neman kaɗaici ya tarar da cunkoso, ya kuma zauna a cikinsa, to ya tambayi ransa abin da ya fito nema. Ya tabbata a hadisi cewa farkon waɗanda za a hukunta ranar alƙiyama akwai mayaƙi da malami da mai kyauta, waɗanda suka yi aikinsu domin a faɗa, kuma aka faɗa. In riya tana ɓata jihadi da ilimi da sadaka, ina ga hawan dutse? Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne. Ka ce wa mai hawa: da za a hana ka ɗaukar hoto, a hana ka gaya wa kowa har ka mutu, za ka hau? Amsarsa ita ce niyyarsa.

Fasali

In ka ce, shin wannan aiki ba jefa kai cikin halaka ba ne, wanda Suratul Baƙara ta hana? Sai mu ce, asalin tafiya da motsa jiki da kallon halittar Allah halal ne, kuma babu wata tafiya da ta kuɓuta daga hatsari, har tafiyar kasuwa. Malamanmu na Malikiyya sun ba mu ma'auni a mas'alar shiga teku domin hajji. Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa teku hukuncinta ɗaya da tudu, sai fa in halaka ce ta yi rinjaye a cikinta. To, in an ɗora hukuncin tafiyar farilla a kan rinjayen zato, tafiyar sha'awa ta fi cancanta a auna ta da shi, a kuma tsananta. Mutumin da ya koyi sana'ar a ƙananan duwatsu shekara da shekaru, yana da lafiya da kayan aiki, ya san alamun hadari, rinjayen zatonsa kuɓuta ne. Wanda kuwa bai taɓa ɗaura igiya ba, kuɗinsa kaɗai ya kai shi, wannan ya jefa kansa, ya kuma jefa waɗanda za su ja shi. Ka tuna Amru ɗan Asi ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil don tsoron kada wanka ya kashe shi, Annabi kuma bai yi masa inkari ba. Addinin da ya sauƙaƙa tsarki domin tsare rai daga sanyi ba zai yarda a miƙa wa sanyi rai domin suna ba. Sa'an nan ga haƙƙin iyaye da iyali da masu bin bashi. In jihadin da ba na dole ba yana jiran izinin iyaye, wannan ba ya bukatar dogon zance.

Alamar mai hankali a cikinsu ita ce ya san lokacin juyawa. Sun gano cewa mafi yawan waɗanda ke mutuwa a can sama, a hanyar saukowa suke mutuwa, bayan sun ƙarar da ƙarfinsu da iskarsu wajen hawa. Saboda haka sukan yanka lokaci, su ce in ya yi ba a isa ba, a juya ko da ana ganin ƙololuwa. A watan Mayu na 1996 wasu suka wuce lokacinsu, guguwa ta rutsa da su, mutum takwas suka mutu a tsakanin 10 da 11 ga watan. Kwanaki kaɗan kafin haka, wani mutumin Suwidin mai suna Goran Kurof, wanda ya tuƙo keke tun daga ƙasarsu har Nefal, ya kai inda bai fi saura kusan mita ɗari ba, ya ga rana ta yi, ya juya. Ya huta, ya sake hawa a ƙarshen watan, ya isa, ya sauko da ransa. Sannu ba ta hana zuwa.

Fasali

Yanzu ka karkato da kunnenka, ya kai mai ɗaukar ma'aikata, domin wannan fasali naka ne. Kamar yadda ayarin Gwanja na da yake da madugu da jagaba da 'yan alaro, haka ayarin dutse yake. Wanda sunansa ke fita a jarida ba shi ne ya kafa tanti ba, ba shi ya ɗaura igiya ba, ba shi ya kai tulunan iska zangon sama ba. Ayarin 1953 da ya kai mutum biyu ƙololuwa, 'yan dako fiye da 300 suka ɗaukar masa kaya. A ɓangaren Nefal akwai wani wuri da ake kira Kumbu, kogin ƙanƙara ne mai motsi a hankali, cike da ramuka masu zurfi da ake ƙetarewa a kan tsani, ga gungumen ƙanƙara kamar gidaje a sama suna jiran faɗowa. Baƙo yakan ƙetare shi sau kaɗan, ɗan dako kuwa yana kai da komo a cikinsa duk tsawon kakar, da kayan wani a bayansa. Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta zaftaro a nan ta kashe ma'aikata 16, dukansu 'yan Nefal. Abin da hukuma ta fara miƙa wa iyalin kowanne rufi 40,000 ne, kimanin dalar Amurka 400, alhali kuɗin takardar izinin baƙo ɗaya dubban daloli ne, har ya kai dala 15,000 daga watan Satumba na 2025. 'Yan'uwansu suka ajiye aiki a wannan shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dutse na biyu a tsawo shi ne wanda ake kira K2, a kan iyakar Fakistan da Sin, mita 8,611, kuma 'yan dakonsa galibi Musulmi ne. Mutanen Italiya suka fara hawansa a 1954. A cikin ayarinsu akwai wani ɗan dako daga Hunza mai suna Amir Mahadi. Shi da wani saurayi Ba'italiye, Walta Bonati, suka ɗauki tulunan iska zuwa ga mutum biyun da za su isa ƙololuwa, suka tarar an kafa tantin a wani wuri dabam da wanda aka yi alkawari. Dare ya same su a fili, a wajen mita 8,100, babu tanti babu abin rufa. Gari ya waye, waɗancan biyu suka ɗauki iskar suka isa, ƙasarsu ta yi murna. Amir Mahadi kuwa aka yanke masa yatsun ƙafa gaba ɗaya. Sai bayan shekara hamsin ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya ta karɓi gaskiyar abin da ya faru a wannan dare.

Ka san hadisin mutum uku da suka fake a kogo, dutse ya gangaro ya toshe musu ƙofa, kowannensu ya roƙi Allah da aikinsa na ƙwarai. Na ukunsu da me ya yi tawassuli? Da ladan ma'aikaci da ya riƙe amana, ya juya shi har ya zama garke, ya miƙa wa mai shi duka. Da haƙƙin ma'aikaci aka kammala kawar da dutsen. Biyan lada kuwa ba ya sayen rai. Wanda ya ɗauki talaka aiki a wurin da shi kansa ba zai shiga ba sai da rigar sanyi da tulun iska, wajibi ne ya ba shi irin abin da ya tanadar wa kansa. Yardar matalauci da yunwa ta tilasta ba ta sauke wannan nauyi.

Fasali, kuma shi ne maƙasudin wannan magana

A watan Mayu na 2006 wani Baturen Ingila mai suna Debid Shaf ya hau Eberest ta ɓangaren Tibet shi kaɗai, ba ja-gora, da iska 'yar kaɗan. A hanyar saukowa ƙarfinsa ya ƙare, ya zauna a ƙarƙashin wani dutse a wajen mita 8,500. Mutane wajen talatin zuwa arba'in suka wuce ta gabansa, da hawa da sauka. Wasu ba su gan shi ba saboda duhu, wasu sun zaci gawa ce, wasu sun gan shi da rai suka ce ya riga ya wuce taimako. Wasu 'yan Sherfa sun tsaya a hanyar saukowa, suka ba shi iska, suka jawo shi cikin rana, amma ya kasa tsayuwa. Ya mutu a nan. Hilari, yana tsoho a lokacin, ya fito fili ya yi tir da wannan hali.

Bayan kwana goma sha ɗaya, a kan wannan hanya dai, wasu mutum huɗu, har da ja-goransu mai suna Dan Mazur, suna hawa da asuba, ƙololuwa na gabansu, sai suka tarar da mutum zaune a bakin wani rami mai zurfin gaske, ba hula ba safar hannu, hankalinsa a gushe. Linkon Hol ne, mutumin Ostireliya, wanda aka bari jiya da yamma a kan ya mutu, har an sanar da iyalinsa. Suka tsaya. Suka ɗaure shi kada ya faɗa, suka ba shi iskarsu da abin sha, suka kira agaji, suka zauna da shi sa'o'i har masu ɗaukarsa suka iso. Kafin nan lokacin hawa ya wuce, suka juya ba su isa ba, bayan duk abin da suka kashe. Mutumin ya rayu, ya koma ga iyalinsa, bai mutu ba sai a 2012. Ashe hukuncin da ake yankewa a can sama cewa wane ya wuce taimako, hukunci ne na mutumin da iska ta yi wa ƙaranci kuma yake da muradi a gabansa. Shaidar mai muradi kuwa ka san matsayinta a gaban alƙali.

A watan Mayu na 2023 wani ja-gora, Gelje Sherfa, yana raka baƙonsa zuwa ƙololuwa, ya tarar da wani mutumin Maleshiya yana rawar sanyi a cikin yankin mutuwa. Ya shawo kan baƙon suka fasa, ya naɗe mutumin a shimfiɗar barci, ya goya shi, ya sauko da shi kimanin mita 600 cikin wajen sa'a shida, wani ya kama masa, har aka kai inda jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi. Bayan wata biyu, ranar 27 ga Yuli, wani ɗan dako Musulmi mai suna Muhammadu Hassan, mai shekara 27 da 'ya'ya uku, ya faɗi a wata matsattsiyar hanya a K2 wajen mita 8,200. Wasu sun jawo shi, wani ya zauna da shi ya ba shi iska, amma jama'a da yawa suka tsallaka shi suka nufi ƙololuwa, ya cika a nan. Binciken hukumar yankin ya sami cewa an tura shi can ba da isassun kayan sanyi ba.

Ba mu kama sunan kowa daga waɗanda suka wuce ba, domin Allah ne Ya san abin da kowanne ya gani da abin da ya rage masa na ƙarfi. Hanyar nan ta K2 siririya ce, ga katangar ƙanƙara a bisa kai, tsayuwar mutum ɗaya tana iya tsayar da layi duka a ƙarƙashin hatsari. Amma hukuncin aikin a bayyane yake. Shehu Halilu ya kawo a babin yanka cewa wanda ya wuce naman farauta da wani ya harba, da sauran rai, yana da ikon yankawa ya ƙyale har ya zama mushe, to ya lamunce shi. Sa'an nan ya haɗa da wannan wanda ya bar kuɓutar da rai ko dukiya mai halaka alhali yana iyawa, da wanda ya hana zaren ɗinke rauni, da wanda ya hana rarar abinci ko abin sha ga wanda ya matsu. Kuma ya inganta a hadisi cewa daga cikin waɗanda Allah ba zai dube su ba ranar alƙiyama akwai mai rarar ruwa a jeji da ya hana matafiyi. Iskar tulu a can sama ita ce ruwan jeji.

In ka ce, ai a yankin mutuwa babu mai rara, kowa da kyar yake ɗauke da kansa, sai mu ce a nan ake rarrabewa, kuma ka riƙe wannan da kyau. Mai saukowa wanda ƙarfinsa ya ƙare, iskarsa ta kusa ƙarewa, in ya tsaya gawa za ta zama biyu, wannan yana da uzuri, domin ba a kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba a wajabta wa wanda bai iya iyo ba ya faɗa kogi. Abin da ke kansa shi ne ya kira agaji, ya faɗi wurin da ya ga mutumin, ya faɗi gaskiya cewa da ransa. Amma mai hawa, wanda fuskarsa ke duban sama, halinsa da kansa yana shaida a kansa. Ya tanadi ƙarfi da iska na tafiya biyu, ta hawa da ta sauka. Ta saukar bukatarsa ce, ba wanda zai karɓe masa. Ta hawan kuwa, daga lokacin da ya ga ɗan Adam kwance da rai, ta zama rara. Yaya mutum zai ce ba ni da ƙarfin tsayawa, sa'an nan ya sami ƙarfin ƙarin sa'o'i na hawa? Ƙololuwa mubahi ce a mafi kyawun halinta, ceton rai farilla ce ta kifaya, wadda in kowa ya dogara ga na bayansa, laifin ya game duk wanda ya gani kuma yana iyawa. Yawan masu wucewa ba ya raba laifin ya ƙanƙanta, ƙara wa kowannensu hujja yake yi, domin abin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba, goma za su iya.

Ko da ya tabbata ba za a iya sauko da shi ba, mai mutuwa yana da sauran haƙƙi: a rufe shi, a jiƙa masa baki, a ji saƙonsa zuwa ga iyalinsa, in Musulmi ne a laƙƙana masa kalmar shahada. In ba Musulmi ba ne, rai dai rai ne, an kuwa gafarta wa wani saboda kare da ya shayar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tsaya a bayan ayari a tafiya domin ya kora mai rauni, ya goya wanda ya gaza a bayan abin hawansa.

Kada ɗan kasuwa ya ce wannan labarin Turawa ne. Direban da ya tarar da mota ta kife a hanya da asuba, mutane na nishi, hukuncinsa ke nan. In yana da rinjayen zato cewa tarkon 'yan fashi ne, ya wuce ya kai labari wuri mafi kusa, yana da uzuri. In kuwa abin da yake tsoro shi ne kasuwa ta ci ba shi, ko jini ya ɓata masa kujera, ko a riƙe shi da tambayoyi, to fuskarsa sama take dubawa.

Saura mas'ala ɗaya da 'yan kasuwa kan tambaya: wanda ya ba da rararsa, yana da damar neman kuɗinta? Shehu Halilu ya ce yana da farashin abin da ya bayar in wanda ya matsu yana da shi a hannu. Saboda haka kuɗin tulun iska ana iya nema daga mawadaci, matalauci kuwa ba a bin sa. Amma kuɗin tafiyar da ta ɓaci da ƙololuwar da ba a isa ba, ba a bin kowa, domin wajibinsa ya sauke. Gawar Muhammadu Hassan ta shekara a inda ya faɗi, sai a 2024 wasu 'yan ƙasarsa suka hau domin ta kaɗai, suka sauko da ita, aka kai ta ga danginsa aka yi mata sutura.

Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Tammat.